Darasi na Tara: Koya wa Kare Ya Saki Abin da Ke Bakinsa

Duk wanda ya ajiye kare, ko don gadin gida, ko don farauta, ko don tsaron garke, wata rana sai ya tarar da shi ɗauke da abin da bai kamata ba: silifas ɗin yaro, ko ɗan tsako, ko ledar da aka ƙulle nama a ciki, ko kuma, Allah ya kiyaye, mataccen ɓeran da ya ci guba. Abin da akasarin mutane ke yi a irin wannan lokaci ɗaya ne. A daka masa tsawa, a bi shi a guje, in an cim masa a shaƙe wuya a ɓamɓare baki, wani ma ya haɗa da sanda. Wannan hanya ita ce take ƙara girmama matsalar da ake son kashewa. Karen da aka saba yi wa ƙwace yana ƙara iya riƙo, amma wanda ya gane cewa saki yana jawo masa riba, da kansa yake buɗe baki. Wannan shi ne abin da darasin nan zai kafa hujja a kansa, kuma ya nuna yadda ake yi da abin da ke akwai a kowane gida.

Sai mu fara da dalilin riƙon. Kare ba shi da hannu, saboda haka duk abin da mutum zai ɗauka da yatsu ya jujjuya ya gani, shi da baki yake yi. Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda suke zubewa daga wajen wata uku ko huɗu, na dindindin guda 42 su maye gurbinsu kafin ya cika wata bakwai. A wannan tsakani dasashi yana yi masa ƙaiƙayi, shi ya sa ba ya barin takalmi, ba ya barin gefen tabarma. Bayan wannan akwai wata ɗabi'a da ta fi zurfi, wato tsaron abin da aka samu. Dabbar da take rayuwa a kan abin da ta tsinta ko ta kama, in ta zama mai sakin naman bakinta ga duk wanda ya matso, yunwa za ta kashe ta. Don haka idan karenka ya danne ƙashi da ƙafafun gaba ya sunkuyar da kai a kansa yana hararar ka ta gefen ido, ba raini yake nuna maka ba, kuma bai san wani abu wai sata ba. Ya sami abu mai daraja, ya ga alamar za a raba shi da shi. Mai kare da ya fahimci wannan ya riga ya rage wa kansa rabin fushin da ke sa shi ɗaukar sanda.

Yadda dabba take koyo kuwa an daɗe da gano shi. A 1898 wani masani ɗan Amurka, Edward Thorndike, ya riƙa sa kyanwoyi cikin akwati mai sakata, da abinci a waje. Da farko kyanwa takan yi ta kokawa har ta taɓa sakatar bisa kuskure, amma a kwana a tashi sai ta riƙa zuwa kai tsaye. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa aikin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa yakan maimaitu, wanda bai haifar da komai ba yakan mutu. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan bincike a shekarun 1930 da ɓeraye, daga baya da tattabaru. To, a auna ƙwace da wannan ma'auni, a dube shi ta wajen karen. Yana kwance da totuwar masara a baki, mai gida ya taso, ya kama shi, totuwa ta tafi. Sau biyu ko uku aka yi haka ya isa ya gane cewa tahowar mutum tana nufin asara. Sai ya gwada gudu, ya ga in ya shige ƙarƙashin mota ba a iya kai masa, gudu ya zauna. Ko ya gwada haɗiyewa da sauri kafin a iso, ya ga ba a ƙwatar abin da ya shiga ciki, haɗiya ta zauna, ita ce kuwa mafi haɗari, domin totuwa da ƙwallon mangwaro da tsumma suna toshe hanji har sai an yi tiyata. Ko kuma ya gwada gurnani, hannu ya ja baya, in gurnani ya daina aiki ya kai cizo. Duk waɗannan darussa uku mai karen ne ya koyar da su da hannunsa, alhali yana zaton horo yake yi.

Akwai adadi da ke goyon bayan wannan. A 2009 likitar dabbobi Meghan Herron da abokan aikinta biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun wallafa sakamakon tambayoyin da masu karnuka 140 suka amsa game da hanyoyin da suka gwada da yadda karnukan suka mayar da martani. Cikin waɗanda suka buga kare ko suka shure shi, kashi 43 cikin 100 sun ce ya mayar da faɗa. Cikin waɗanda suka ɓamɓare baki da ƙarfi don cire abu, kashi 39 cikin 100. Mai lura zai iya cewa ai waɗannan karnuka ne da aka riga aka kai asibiti saboda matsalar hali, ba za a auna kowane kare da su ba. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɗauki adadin a ce haka kowane karen gida zai yi ba. Amma a lura da abu ɗaya: waɗannan karnuka masu matsala, su ɗin dai, da aka bi da su ta hanyar abinci da lallashi, kaɗan ne ƙwarai suka nuna faɗa. Karnukan ba su canza ba, hanyar ce ta canza. Kafin wannan, a 2004, masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun tambayi masu karnuka 364, suka ga cewa yawan amfani da lada yana tafiya tare da yawan biyayya, yawan duka da tsawa kuwa yana tafiya tare da yawan munanan halaye.

Ga yadda ake yi. A nemi wuri mara hayaniya, a lokacin da karen bai ƙoshi ba, kamar kafin abincin yamma. A yanka lada ƙanana, kowane kamar ƙwayar wake: dafaffiyar ganda, ko hanta, ko tsokar busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kada a yi amfani da tsire ko kilishi, saboda yaji, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Sai a ba shi abin da yake so amma bai damu da shi sosai ba, kamar tsohuwar igiya da aka ƙulla ko guntun tsumma mai kauri. Idan ya kama, ka kai ladan daidai hancinsa, kada ka taɓa igiyar, kada ka ja. Ƙamshi zai sa ya buɗe baki, igiya ta faɗi, nan take ka ba shi ladan, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin in ka yi jinkiri ba zai haɗa sakin da ladan ba. Sannan ga matakin da mutane suka fi mantawa da shi, wanda kuma shi ne ginshiƙin aikin: ka ɗauki igiyar ka mayar masa. Ya saki, ya ci, kuma abinsa ya dawo. Babu asara ko ta ƙwayar zarra. Bayan an yi haka kamar sau goma yana saki ba gardama, sai a shigo da kalma. Kalma ɗaya tak, gajeriya, da murya ta yau da kullum, kamar “Saki”, kuma kowa a gidan ya riƙe ita, kada wannan ya ce “ajiye” wancan ya ce “kawo”. Minti uku zuwa biyar sun isa zama ɗaya, sau biyu ko uku a rana, a tashi tun yana marmari. Idan ya ƙware da igiya sai a hau zuwa abin da ya fi so, kamar ƙwallo, daga nan busasshiyar fata, ƙashi kuwa shi ne na ƙarshe, kuma ladan ƙashi dole ya fi ƙashi daraja. In aka kai wani mataki ya ƙi saki, an yi gaggawa ne, sai a koma baya mataki ɗaya. A kuma riƙa sauya wuri, yau tsakar gida, gobe zaure, jibi bakin hanya, domin kare yakan ɗaure abin da ya koya da wurin da ya koye shi.

Ƙorafi na farko da ake ji shi ne wannan ai cin hanci ne, kuma karen da aka saba wa haka ba zai saki komai ba sai ya ga nama a hannu. Ƙorafin yana da tushe, domin hakan yana faruwa, amma yana faruwa ne ga wanda ya tsaya a matakin farko. Maganinsa yana cikin jerin abubuwa. Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya sami lambar Nobel a 1904, ya nuna cewa alama tana samun ma'ana a wurin kare ne idan ta riga abinci zuwa. Saboda haka da zarar an shigo da kalma, ladan ya koma aljihu ko bayan baya. Ka ce “Saki” hannunka ba komai, ka yi shiru daƙiƙa biyu. In ya saki, sannan lada ya fito. In bai saki ba, ka taimaka masa da ƙamshi kamar da, ba tare da maimaita kalmar sau biyar ba. Cikin 'yan kwanaki zai riƙa tofar da abin da jin kalmar kawai. Daga nan sai a rage: wani lokaci nama, wani lokaci yabo da shafa, wani lokaci a ci gaba da wasa. Skinner da abokin aikinsa Charles Ferster sun nuna a 1957 cewa aikin da ake saka wa jefi-jefi ya fi wanda ake saka wa kullum daɗewa bayan lada ya yanke. Iyaye mata sun san asalin wannan dabara tun kafin masana su rubuta ta: idan yaro mai rarrafe ya ɗauki wuƙa, uwa mai hankali ba ta fizge, sai ta miƙa masa wani abu mai ɗaukar ido, hannu ya buɗe da kansa. Mai cewa ba shi da kuɗin nama kuwa, ya ɗebi kaɗan daga abincin da zai ba karen ko ta yaya, ya ba shi da hannu lokacin horo. Karen da ke son ja-in-ja da igiya ma ba ya buƙatar abinci: ka tsayar da hannunka cik, igiyar ta zama ba daɗi, da ya saki ka sake kaɗa ta. Wasan ne ladan.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi a zukatan mutane, cewa dole kare ya ji tsoron mai shi, in ba haka ba zai hau kansa. Har a ƙasashen Turawa wannan ra'ayi ya yi shekaru yana tashe, ana kafa hujja da kyarketai, wai a garkensu mai ƙarfi ne ke danne saura. Asalin maganar binciken Rudolf Schenkel ne na 1947 a kan kyarketai da aka tara wuri ɗaya a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, dabbobin da ba dangin juna ba, an kulle su babu wurin kaucewa. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya warware shi a 1999 bayan ya shafe shekaru yana kallon kyarketai a dajin arewacin Kanada. Abin da ya gani iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, kuma iyayen suna jagoranci ba tare da kokawar neman sarauta ba. Amma ko a ajiye kyarkeci gefe, a tambayi abin da tsoro yake saya. Yana sayen biyayya ga mutum ɗaya, a lokacin da yake kusa kuma da sanda. Mai gida ya fita kasuwa, aka bar matar gida da yara da karen da ya koyi cewa hannun da ya matso bakinsa maƙiyi ne. Wa zai fuskanci sakamakon? Wanda ya fi kowa rauni. Kalmar da aka koyar da lada kuwa kowa na iya faɗinta, tana kuma aiki daga nesa, daga bakin ƙofa har ƙarshen gona.

Mafarauta da masu karen gadi suna da nasu tsoron, kada lallashi ya kashe wa kare zuciya. Riƙo da saki ba kishiyoyin juna ba ne. Karnukan 'yan sanda da ake koya wa kama ɓarawo a ƙasashe da dama, ba a yarda da su a bakin aiki sai sun nuna suna saki da umarni, domin karen da ya kama ya ƙi saki bala'i ne ga mai shi kafin kowa. Ga mafarauci kuma abin ya wuce maganar tsaro. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo wa mai ita, kuma a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an hana cin abin da karen ya ci daga jikinsa, bisa dalilin cewa wataƙila kansa ya kama wa. Malamai sun yi saɓani a kan wannan sharaɗi, amma ma'anar da ke ƙarƙashinsa a fili take: horarren kare shi ne wanda ya kama zomo ya riƙe wa ubangidansa, ya kuma bar masa. Karen da aka saba dukansa a kan nama shi ne mai shigewa cikin sarƙaƙiya da gafiya ya cinye kafin a iso. Wanda kuma yake ƙyamar yawun kare ya taɓa hannunsa ko tufafinsa, ya fi kowa buƙatar wannan darasi, domin mai ɓamɓare baki shi ne mai cusa yatsu cikin yawu, mai kalma kuwa yana tsaye abin zai faɗo ƙasa.

Saura tambaya mai nauyi: idan yau ɗin nan, kafin a koya masa komai, ya ɗauki abin da zai kashe shi fa? Ko a nan bi da gudu shi ne mafi munin zaɓi, domin ko dai ya ɗauka wasa ne, ko ya haɗiye. A ɗebo abinci mafi ƙamshi da ke gidan, a watsa a ƙasa kusa da shi, tafi guda, ba ƙwaya ɗaya ba. Da ya saki ya bi abincin, a ci gaba da jefa wasu nesa, a taka abin da ƙafa ko a kife masa kwano, sannan a ɗauke. Wani karen kuma in ka juya ka ruga kana kiransa, zai biyo ka ya yar da abin. Idan ya riga ya haɗiye guba, a nufi likitan dabbobi da kwalin ko ledar maganin a hannu. Ɗura manja ko madara ba ya karya guba, ɗura ruwan gishiri kuma guba ce ta biyu. Yawancin magungunan ɓera na zamani jini suke hanawa daskarewa, kuma alamarsu ba ta fitowa sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da dasashi zai yi fari fat, karen ya kwanta ba ƙarfi. Ganin yana wasa washegari ba shaidar ya tsira ba ce. Irin wannan guba tana da makari, bitamin K1, amma sai an fara da wuri. Haka kuma maganin farasitamol, da cakulan, da inabi ɗanye ko busasshe, duk suna cutar da kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki hanji. In zare ko tsumma yana leƙowa daga baki bayan an haɗiye sauran, kada a ja.

Akwai karen da wannan darasi kaɗai bai ishe shi ba. Alamunsa suna zuwa bi da bi: jiki ya sandare, tauna ta tsaya ko ta ƙara sauri, farin ido ya fito, leɓe ya ɗage, fiƙa ta bayyana, sannan gurnani. Wanda ya ga haka ya ja baya. Dukan kare saboda gurnani kuskure ne babba, domin gargaɗin ake kashewa, fargabar da ta haifar da shi tana nan, ƙarshe a sami kare mai cizo ba sanarwa. Irin wannan ana fara masa ne daga nesa, a wuce a jefa masa lada a tafi ba a taɓa komai ba, har ya riƙa ɗaga kai da murna idan ya ga mutum, kuma ya fi kyau a yi haka da shawarar likitan dabbobi. Maganar cizo a ƙasashenmu ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba a tsira. Allurar rigakafin kare tana samuwa a asibitocin dabbobi, har Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ko da karen na gida ne.

Aikin wannan mako ga ɗalibi mai kare shi ne ya yi matakin farko kawai, da igiya, ya rubuta a littafinsa sau nawa karen ya saki cikin kowane gwaji goma, ya kawo aji a kwatanta. Wanda ba shi da kare ya bayyana wa maƙwabcinsa mai kare yadda ake yi. Kowa kuma, mai kare da mara kare, ya tara yaran gidansa yau ya gaya musu: in kare yana cin abinci ko yana riƙe da wani abu, ko da abin nasu ne, kada su kai hannu, su kira babba.